Ba Miyar Gwaggo Ce Ta Kwantar da Baba Ba

Har gobe a gidanmu ana cewa miyar naman kazan da Gwaggo Hure ta tono a daji ce ta kusa kashe Baba. Ba haka ba ne, kuma na gaji da ji.

Daminar shekarar da soja suka miƙa mulki ne, ina firamare, wata Asabar da ruwa ya kwana yana zuba. Gwaggo, yayar Baba da ta dawo wurinmu daga ƙauye bayan rasuwar mijinta, ta ja ni neman itace a dajin bayan Ƙofar Guga. Ni ga gaggawa, duk farin abin da na ga ya tsiro sai in kai hannu, ita kuma ta buge hannun. "Ke ɗiyar nan, laimar kwaɗi ce! Saurin mi kike?" Na jikin ruɓaɓɓen kututture, a'a. Na kan kashin shanu, a'a. Sai da silifas ɗina ya yi nauyi da laka muka isa wani suri, ta durƙusa ta tona a hankali da kara, ta zaro wani naman kaza mai doguwar jijiya da ta nutse can cikin gidan gara. Shi uwarta ta nuna mata, shi kaɗai take ci. Wanda ba ta sani ba, ko kallo bai ishe ta ba.

Ta yi miya da daddawa, duk gidan muka ci da tuwon dawa har da suɗe kwano. Da yamma Baba ya tafi walimar maƙwabcinmu da ya zama kansila, ya dawo da shinkafar da ta wuni a rana cikin leda. Ni na karɓi ledar, na ji tsaminta. Shi kaɗai ya cinye abinsa. Washegari amai da gudawa har asibiti. Shi ke nan fa, sai mutanen gida suka ce, "Ai ga irinta nan, kwashe-kwashen mutanen ƙauye!" Na ce shinkafa ce, aka ce wa ya sa da ni. To, wa zai buɗe baki ya ce abincin kansila ya lalace? Gwaggo ta ƙulle kayanta a zane, kafin kaka ta koma ƙauye.

Yanzu dajin ya zama gidaje, suri ko na magani babu. Idon Gwaggo ya fara dushewa, har yau ba wanda ya ba ta haƙuri. Ruwan bana na sauka zan je ƙauye ta sake nuna mini tun tana gani. In dafa, in ajiye kwanon a gaban Baba, in fara kai loma yana kallo.