Gaiwar Kakana

Jiya a kasuwar Malanville na ga gaiwa a cikin daro tana ɗago kai tana shaƙar iska, sai Kakana ya faɗo mini a rai.

Masunci ne a Garou. In ya dawo daga kogi yakan zube kifi a tabarma, ƙarni ya cika tsakar gida, ya ware su dangi-dangi, karfasa nan, tarwaɗa can. Gaiwa kuwa gefe guda yake ajiye ta.

"Wagga ba danginsu ba ce, amaryata," in ji shi cikin tsokana. "Huhu gare ta kamar ni da ke."

Na faɗi haka a lakkol, malam ya ce shirme ne, 'yan aji suka yi ta dariya, wai tsohon ya ruɗe. Na koma gida da kuka. Kakana ya ja hannuna zuwa gonar shinkafa da ta bushe, ya tono dunƙulen laka mai tauri ya saka a ruwa. Muna zaune lakar ta jiƙa ta fashe, gaiwa ta warware jikinta ta ja numfashi.

Sai a jami'a aka nuna mana ƙasusuwan kifayen zamanin da waɗanda suka zama dutse, aka ce gaiwa ta fi kusanci da mu 'yan Adam a kan karfasa. Ban san na miƙe tsaye ba.

"Kakana ya riga ku!" na ce.

Bai rayu ya ji ba. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya isar masa da wannan albishir.