Yadda Na Ƙwace Rigar Gadin Ungulu

Wasu shekaru can baya na yi wani abu da ban cika son a tuna mini ba. Amma tunda gemu ya fara fari, gara ku ji daga bakina.

Ni mahauci ne, kayan ciki nake saidawa. Tun ina saurayi nake wankin tumbi da hanji a kwata, kuma duk abin da ba ya saiduwa ungulaye nake watsa wa a bayan katanga. Ba tausayi ya sa na fara ba, so nake su rage mini wari. Amma yau da gobe sai sabo ya shiga. A da, in suka sauka kan kwanon kwata sai ka ce ƙanƙara ake yi. A hankali suka riƙa raguwa, don akwai masu sa musu guba a mushe, su yanke kawunan su kai wa bokaye da masu neman sa'a. Har ta kai saura bakwai. Na san su ɗaya bayan ɗaya, har da wata mai ɗingishi da ba ta tsorona.

Ana nan sai ga ma'aikatan gwamnati masu kula da namun daji. Suka tara mu, suka ce doka ta hana kashe ungulu da cinikin sassanta, kuma suna neman mutum ɗaya da zai riƙa gadin waɗanda suka rage. Na ce a raina, wa za a ba in ba ni ba? Har aski na je na yi.

Abokina suka ba.

Tare muka tashi da shi a Ƙofar Kwaya. Mai maganin gargajiya ne, yana da shimfiɗa a kasuwa, saiwoyi da sassaƙe da ƙahonni. Allah ya ba shi baki, kuma ya iya rubutun boko, ni kuwa sai dangwale. Ya miƙe gaban manyan ya ce ya san masu saye, ya san masu kawowa, shi kuma daga ranar ya tuba. Aka yi ta tafi. Suka ba shi riga mai ruwan ganye, aljihu ta ko'ina, da madubin hangen nesa, da littafin rubuta ƙidaya.

Kullum da safe sai ya iso kwata yana toshe hanci.

"Sarkin hanji, an tashi lahiya? Yau guda nawa ka gani?"

"Bakwai."

Sai ya rubuta bakwai, ya juya. Ko ɗaga madubin ba ya yi. Wata rana ina cin tuwo na ji muryarsa a rediyo yana bayanin amfanin ungulu, wai ita ce ke share mushe kafin cuta ta yaɗu. Ni na faɗa mashi wannan maganar, ina tsugune cikin ƙazanta. Mai ɗakina ta ƙara murya ta ce, "Malam, ba abokinka ba ne? Ji shi kamar likita." Na ture tuwon gefe. Kan a jima 'yan kwata da kansu sun fara ce mashi Sarkin Ungulu, a gabana.

To ni na san wani abu. Ƙarƙashin shimfiɗarsa akwai wani babban gwangwani, kuma da idona na sha ganin yana zaro busasshen kai baƙi ƙirin, ya naɗe a takarda ya miƙa wa mai saye. Bayan tuban ma bai daina ba. Na yi sati biyu ina juya abin a raina, sannan na wanke hannu na tahi ofishin masu kula da namun dajin.

"Yallaɓai, kun ba kura ajiyar nama," na ce wa babbansu.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ka tabbata? Na ji an ce abokinka ne."

"Gaskiya ta fi abota."

Da wannan bakin nawa na faɗa, ko kunya.

Muka je ranar da kasuwa ta cika. Da abokina ya gan mu tare, ya dube ni ya ce, "Kai ne?" Na ce ya fiddo gwangwanin. Ya sassauta murya ya ce, "Don girman Allah mu koma gefe, zan yi bayani." Shi yallaɓai har ya yarda. Ni na ƙi. Na ɗaga murya na ce a nan za a buɗe, gaban kowa. Mutane suka taru.

Aka zazzage kawunan kan tabarma. Yallaɓai ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya kankare samansa da farce. Sai ya fashe da dariya.

"Wannan ai zabo ne. Ga inda aka yanke mashi ƙahon. Mu dai mun saba jin ungulu da kan zabo, yau ga kan zabo da sunan ungulu!"

Ashe shekara da shekaru wurin masu fige kaji yake karɓo kawunan zabi, ya datse ƙahon, ya lanƙwasa bakin, ya banda su a hayaƙi har su yi baƙi. Kasuwa ta ɗauki dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Amma akwai waɗanda ba su yi ba. Wani mai babbar riga ya matso ya ce, "Wato duk shekarun nan zabo nake turarawa?" Ya tofar da yawu ya wuce.

Abokina yana tattara kayansa, bai ɗago ba, ya ce mini, "Ka san mi ka yi? Duk kan zabo ɗaya da na saida, ungulu ɗaya ce ta kwana da nata kan. Yanzu sun gane. Na gaske za su nema."

Na ce, "Daɗin bakin dai, ka saba."

Yallaɓai ya ce ko na ƙarya ne, ciniki ne da ke raya kasuwar, don haka ba zai bar shi kan aikin ba. Aka karɓe rigar. Da yake ni na kawo rahoto, ni aka ba. Ba ta ma rufe mini ciki ba, amma haka na riƙa yawo da ita a rana tsaka. Tunda ban iya rubutu ba, sai in ja layi a littafin, kowace ungulu layi ɗaya. Layi bakwai.

A sati na uku na zo da safe na tarar an jefar da mushen akuya bayan katanga, ba daga wurinmu ba. Ungulaye huɗu na kwance kewaye da shi, ba kai. Na tsaya da madubin a wuya kamar gunki. Biyu suka ɓace kafin wata ya ƙare. Mai ɗingishin ce ta daɗe, don kusa da ni take tsayawa. Wata safiya na watsa hanji, har rana ta take ba wanda ya sauko sai ƙudaje. Daga baya aka canja gwamnati, sababbin suka ce ba su san da wannan aikin ba. Ko rigar ba wanda ya zo karɓa.

Ban ce abokina waliyyi ba ne. Ha'inci ha'inci ne, shi ma ya sani. Amma ni ba don doka na je ofishin nan ba, ba kuma don ungulu ba. Da don su ne, da na yarda mun koma gefe lokacin da ya roƙe ni. So nake a gan shi a ƙasa, kuma an gan shi.

Bayan wata biyar abokina ya zo teburina sayen hanta. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi saman kwanon ya ce, "Ina mutanen namu?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "Allah ya sa wani garin suka koma." Ya karɓi hantarsa ya tahi. Har yau bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. 'Yan kwata in ya wuce sai su ce, kai, bawan Allah nan akwai haƙuri. Ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da yanka, ina jin hassadar nan tana sukata a ƙirji kamar da. Ko a yafiyar ma sai da ya fi ni.