Kafaɗar Hagu

Taisiya bahaguwa ce, kuma tun tana ƙarama kakarta ke ƙwala mata cokali a bayan hannu, wai ɗiyar kirki ba ta cin abinci da hagu. Ashe hannun da ake duka shi zai fitar da ita daga ƙauyensu na bakin kogin Volga. A ƙwallon hannu bahaguwa tsada gare ta, domin ita kaɗai ke jin daɗin jifa daga gefen dama na fili. Tana da shekara goma sha takwas ƙungiyar mata ta birni ta ɗauke ta.

Sai dai gurbin nan ɗaya ne, kuma da mai shi. Larisa, ita ma bahaguwa, shekara goma sha uku tana riƙe da shi, ga baki kamar reza.

"Ke 'yar ƙauye, ɗauki buhun ƙwallaye! Ko sai an aiko miki da goron gayyata?"

Haka al'adar take. Sabuwar zuwa ita ke dakon kaya, ita ke zama bayan atisaye tana kankare ƙaron da 'yan wasa ke shafawa a yatsu don ƙwallo ta kama hannu. Larisa kuwa da gangan take lafta shi, ta wurgo mata ƙwallo baƙa ƙirin tana dariya. Taisiya ta tsane ta, tsana irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon miya.

Rannan kociya Rimma Pavlovna ta tara su. "Bahagwai biyu sun yi mini yawa. Ƙarshen wata ɗaya za ta tattara kayanta."

Komawa ƙauye? Taisiya ta tuna gonar dankali da cokalin kakarta.

Kankarar ƙaron nan ce ta nuna mata abin da ba wanda ya sani. Wata ranar Laraba kowa ya watse, ta shiga ɗakin sauya kaya da buhunta, ta tarar da Larisa tana fama da rigar sanyi. Hannun hagun ya ƙi ɗaguwa. Da haƙori take jan rigar, hawaye na zuba. Suka haɗa ido.

"Kika kuskura kika faɗa wa kociya, sai na karya ki," in ji Larisa.

Ba ta faɗa ba. Da ma faɗin ta yi!

Washegari aka raba su gida biyu, Taisiya na tsaron baya. Larisa ta kutso ta wuce ta, ta yi tsalle, ta ɗaga hannu za ta jefa. Ko yarinya 'yar shekara tara ta san ba a jan hannun mai jifa ta baya. Taisiya ta cafke shi ta fizga da dukan ƙarfinta. Ƙarar da Larisa ta ƙwalla har mai shara a waje ta ji.

"Tir da ke!" in ji Oksana mai tsaron raga, ta tofar da yawu a gabanta.

Kociya ta daɗe tana kallon ta. "Kuskure ne?"

"Kuskure ne, Rimma Pavlovna."

Ƙarya ce tsagwaronta, kowa ya sani, amma wasa na nan ranar Asabar kuma bahaguwa ɗaya ta rage. Larisa ba ta sake taka fili ba. Taisiya ta ci ƙwallo shida a wasan, ba wadda ta tafa da ita. Shekara guda cur ita kaɗai take shan shayinta a ƙarshen tebur. Ta ce oho, ta ci gaba da zuba ƙwallaye a raga, har masu zaginta suka fara miƙa mata ƙwallo don dole.

Yau shekara shida ke nan, tana da ashirin da huɗu, sunanta na kan riguna. Tun bara kafaɗarta ta hagu take ƙara idan ta juya ta, ba ta gaya wa kowa ba. Bana kuma aka kawo wata Vlada, bahaguwa, mai dogon hannu da shiru-shiru. Taisiya ta lafta mata ƙaro son ranta.

Jiya bayan atisaye ta jira kowa ya fita, ta ɗauki rigar sanyinta, hannun ya ƙi. Ta sa haƙori ke nan sai ta ji motsi. Vlada ce a bakin ƙofa da buhun ƙwallaye, tana kallon kafaɗar.

"Je ki faɗa wa kociya," in ji Taisiya. "Don Allah je ki faɗa."

Vlada ta ajiye buhun a hankali. "Ni ban ga komai ba," ta ce.