Yaya Salisu da Hanyar da Ake Tura Keke

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Salisu, mai gyaran keke a gefen kasuwar Utako. Allah ya jiƙansa. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, ina aure a ƙauyen da aka haife mu, can bayan Zuba. Aji biyar na tsaya a firamare, saboda haka a yi mini haƙuri in magana ta zo a karkace.

Tun kafin ya kawo mana baƙinsa ina da abin da nake tsoro, wato keke. Mota kana jin ta tun daga nesa, ka janye ɗanka. Babur ma haka. Keke kuwa ba ya gargaɗi, sai dai ka ji iskarsa bayan ya wuce. Hanyarmu ta burji ce, jar ƙasa da tsakuwa, mota ba ta bin ta sai lokacin kwasar doya. Don haka ita ce tsakar gidanmu. A kanta muke shanya rogo da barkono, a kanta yara ke koyon tafiya. Ranar da Yaya ya ce zai zo da masu keke goma sha wani abu, 'yata ta fari, Hauwa, ba ta daɗe da miƙewa ba. Na ce masa in wani abu ya sami yarinyar nan ni da shi ne. Ya yi dariya, ya ce in fita da shanyata yadda na saba.

Shi ya san dajin nan tun yana saurayi, lokacin da yake kai ayaba Zuba a bayan keke, yana bin ta kurmi don gudun manyan motocin hanyar Kaduna. Da Abuja ta buɗe, hannun ma'aikata ya yi maiƙo, sai wasu suka riƙa kawo masa gyaran kekuna masu tsada, suna kukan ba su da inda za su hau hankali kwance. Ya ce in hanyar da babu mota suke nema, yana da ita.

Asabar ɗin farko ina bakin ƙofa, Hauwa a goye, na ɗaure ta tamau har tana kuka. Sai ga su daga gindin ɗorawar da ke shigar gari, kowa a ƙasa, yana tura kekensa. Kaya sun matse su, hulunansu kamar rabin ƙwarya da aka huda, takalmansu na ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa, suna tafiya irin ta agwagwa. Har da mata biyu. Yaya na gaba yana sallama gida-gida, su kuma suna maimaitawa da Hausarsu ta 'yan koyo, a ce wa tsohuwa sannu Baba. Innarmu ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce ikon Allah, mu muna neman mota, su suna gudunta.

Dokarsa ke nan. Daga ɗorawa zuwa rijiyar da ke fitar gari, ba mai hawa. In sun shiga daji su yi gudun da suke so, su tsallaka rafi, su bi ta ƙarƙashin maɗaci har gindin duwatsu. In sun haɗu da shanu a burtali, ba a kaɗa ƙararrawa, a tsaya sai garken ya wuce, a gaisa da mai kiwo. Ya kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Akwai wani mai tumbi da ya taɓa yin ƙorafi a gabana, wai saukar tana ɓata masa lissafin agogon da ke auna gudunsa. Yaya ya ce, “Oga, agogon nan ya taɓa ba ka tuwo? Rogon da za ka taka shi ne tuwon gidan nan.” Mutumin ya yi dariya har yana riƙe ciki, daga baya ma shi ya fi kowa saurin sauka.

Na yi shekaru ina jiran ranar da za a ce keke ya kayar da Yaya a wani kwazazzabo. Ashe ba ta nan ajali zai biyo ba. Ciwon hanta ne, wata biyu yana kwance a ɗakin Inna. Ranar sadakar uku abokan hawansa suka zo ta'aziyya, suka turo kekunansu tun daga ɗorawa, suka ari zannuwa suka rufe gwiwoyinsu kafin su zauna a tabarma.

Da zai leƙo yau, na san farin ciki zai fara yi. A da ƙungiyar masu keke ɗaya ce, yanzu ba na iya ƙirga su. Hauwa da na goya don tsoro ita ke zura musu guga a rijiya, ta ma iya keken babanta. Ni kaina Asabar ba ta yi mini daɗi in ban ji ƙwas-ƙwas ɗin nan ba. Amma zai lura da abin da na lura. Sababbin ba mutum ke kawo su ba, waya ce ke nuna musu hanya. Waya kuwa ta san kwana, ta san gangara, ba ta san inda ake sauka ba.

Watan jiya wani saurayi ya shigo a guje. Autata Sadiya, mai shekara biyu, tana zaune tsakiyar hanya tana wasa da murfin kwano. Allah ya sa ya gan ta. Ya kauce, ya bi ta kan barkonon maƙwabciyata, ya faɗi can gefe. Ko ƙwarzane Sadiya ba ta yi ba, shi ne gwiwar hannunsa ta saɓule. Ni na wanke masa da ruwan gishiri. Yana ta ba da haƙuri, yana cewa wallahi ba wanda ya gaya masa. Na yarda da shi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Dattawa suka zauna, suka ce a gindaya gungume a shiga da fita, a huta. Na kwana biyu abin na cina, sannan na nemi izinin maigidana na je wurin mai unguwa, na durƙusa na ce a ɗan dakata. Ya dube ni, ya ce, “Ke Rabi? Ke da ko kaza ta yi tsalle sai kin ɗauke ɗanki?” Na ce, “Baba, ni ɗin ce. Tsoron yana nan, amma na ga lokacin da abin ya yi kyau.” Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen shanyar kaka. In an sake, gungume.

Yaya bai bar gida ba, bai bar fili ba. Rumfarsa ta Utako ma yanzu waya ake sayarwa a wurin. Abin da ya bari shi ne ya sa mai mota uku ya sauka ya gaida mai shanyar rogo, ita kuma ta miƙa masa ruwa ba tare da ta ji ƙanƙanta ba. Wannan ba ya tsayawa da kansa, sai an riƙa gaya wa na baya.

To, mai karatu, in kana hawa, ko ɗanka, ko oganka a ofis, ga roƙona. Ba ƙauyenmu kaɗai ba, duk inda kuka hango rufin ɗaki da shanya a ƙasa, ku sauka, ku tura, ku yi sallama. Sannu ba ta hana zuwa. Ku gaya wa wanda ya shigo cikinku jiya, kafin barkonon bana ya bushe. In kun tsaya shan ruwa, ku yi wa Salisu addu'a.