Gayaunar Inna

Wata Lahadi a hunturun 2011, a gidan ɗana da ke Woodbridge, can ƙasar waje, ina gyaran alayyahu, jikata Safiyya ta baje aikin makaranta kusa da ni. Ban taɓa shiga aji ba, amma ba a karatu a gabana ban tambaya ba. Da guntuwar Hausarta ta ce labarin Indiya ne zamanin Turawa: wasu sukan ƙone mace tare da gawar mijinta, aka yi shekaru ana gardama, wasu su ce addininsu ne, wasu su ce al'ada ce kawai. Na ce, "Su matan fa, me suka ce?" Ta juya shafi, ta sake juyawa. "Hajiya, babu a ciki."

Ina shekara tara Baba ya rasu, gyaɗa ta fara tsiro a gayaunar Inna, wadda da ita muke ci. Inna ta shiga takaba: zane ɗaya, ba kwalli, ba lalle, ƙaramar wuƙa a hannu duk inda ta motsa. Liman ya ce ta fita noma da rana, ta dawo kafin magariba. Baffa Ilu, wan mahaifina, ya ce a gidanmu mai takaba ba ta ƙetare zaure. Kwana da kwanaki suna ja a gindin ɗorawa, Inna tana bayan zana, taku goma tsakani, ba wanda ya tambaye ta.

Sai na ɗauki fartanyarta. Tsarana suna carafke a dandali, ni ina duƙe a gona, tafin hannuna duk ya fashe. Da yamma ta shafa mini man kaɗanya, ta ce, "Ina kika kai yau?" In ce, "Gindin marke." Ta ci gaba da shafawa. Ciyawa ta fi ni sauri, abin da aka cire bai cika kwando biyu ba. Baffa ya ce a rage baki, aka ba da ni riƙo wurin goggona a Kumasi. Ranar tafiyata saura kwana shida Inna ta fita takaba, don haka a bakin zaure ta tsaya, wuƙar a hannunta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yanzu a nan ina ganin mai takaba ta tuƙa mota zuwa aikinta na asibiti a Largo, ta dawo ta tarar da 'ya'yanta a gida. Inna ba a ƙone ta ba, ban ce an yi ba. Amma har yau ban san abin da za ta ce ba da an tambaye ta.