Rawanin da Baba Ya Yage wa Shinkafa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Babana, Allah shi jiƙanshi. Ban yi karatu mai nisa ba, amma bana wata magana ta tsaya mini a wuya.

Duk shekarar da ciwon nan ya sauka fadamar Wurno, ganyen shinkafa ya kama bushewa daga baki kamar an bi shi da wuta, mutane sukan haƙura da gonar. Baba kuwa sai ya shiga cikin ruwa yana neman tushen da ya tsaya kore tsakiyar matattu, ya yagi bakin tsohon rawaninshi ya ɗaura mashi. Wannan ba a cin shi, ko gida babu tsaba. Shi ne iri. Rabona na irin da ya bari muke shukawa duk shekara, mu mai da sabo cikin tulu a ɗakina.

Satin jiya maigidana ya dawo daga kasuwar Goronyo da labari. Wai masu bincike sun gano shuka na da abin faɗa da ƙwayar cuta cikin halittarta, sai dai yana aiki a hankali. Su kuma sun iya matsa mashi ya yi ta aiki babu hutawa, ciwon ya kasa kama ta. Sabon irin nasu bai ma iso ba, amma har maigida ya ce, "Dafa muna na tulun nan, zamaninshi ya wuce."

Na ce, "Malam, mai faɗa kullum, yaushe zai yi ƙiba?" Na gani ga ɗiyata Hadiza. Watan da jikinta ya yi ta kokawa da zazzaɓi, ko kaɗan ba ta ƙaru ba. In shuka ta ƙarar da ƙarfinta wurin tsaro, da mi za ta cika zangarniya? In munka cinye namu, nasu ya ba mu kunya, mi zan ba yaran nan baɗi?

Ya yi dariya. "Ke dai kin cika zargi."

Wataƙila. Mi Baba zai ce? Ba na jin zai ƙi, don shi ma mai ƙarfin yake zaɓa. Amma bai taɓa ɗaura ƙyalle don an ce ba, sai ya gani.

Da ƙyar munka shirya: in sabon irin ya iso, mu gwada shi a fangali guda a gefen gona. Sauran rawanin na nan, da shi nake toshe bakin tulu. In sabon irin ya tsaya kore tsakiyar matattu, ya kuma cika zangarniya, ni da kaina zan yaga in ɗaura mashi. Kafin nan, ko tsaba guda ta tulun nan ba ta shiga tukunya.