Mainasara, Wa Zai Gyara Mini Hotonka?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, 2004, Allah Ya karɓi ran abokina Mainasara mai bidiyo, bayan wani zazzaɓi da duk muka raina. An yi masa sutura a ƙauyensu da ke bakin ruwa, kusa da Wara.

Mainasara, shago ɗaya muka raba ni da kai a Yelwa. Ni mai hoton kati ne, kai kuma kana ɗaukar bidiyo kana tacewa a kwamfuta. Ka sha yi mini ba'a cewa aikina in sandarar da mutane, naka kuma ka tashe su. Sai ka ɗauki katin da na wanke ka sa a kwamfuta, ka sa hoton ya taso a hankali daga ƙafar mutum har fuskarsa, ko ya bi jirgin masunci daga kai zuwa gindi. Waɗanda ba su sami mai bidiyo ranar bikinsu ba, da katunansu suke zuwa su koma gida da faifai.

Ina tuna tsohuwar nan ta Shanga da ta kawo hoton marigayi mijinta, ɗan ƙarami, duk ya koɗe. Ka wuni a kansa. Da ka kunna mata, fuskar dattijon ta fara matsowa, sai ta gyara mayafinta ta yi masa sannu da zuwa. Kai kuwa ka fice ta ƙofar baya, wai za ka duba janareto, alhali ranar akwai wuta.

Ba ka taɓa yarda da fuskar kwamfuta ba. Munafuka kake ce mata, wai komai kyau take nuna maka, sai an je gidan mutane asiri ya tonu. Shi ya sa duk faifan da ka fitar sai ka gwada shi a tsohuwar talabijin ɗin nan mai karyayyen maɓalli. In ya fito fari da baƙi yana tsalle, ka san saitin talabijin ɗin Amurka ka zaɓa, ba irin namu ba. In ta yanke wa ango hula, sai ka janye hoton daga gefe. In kuwa riga mai ratsi ta kama rawa, akwai abin da kake taɓawa ta natsu. Ni dai ina gefe ina yankan kati, ina jin mitarka a bayana. Na sha ce maka ka rage surutu. Yanzu shirun shagon nan yana damuna ƙwarai.

Bayan addu'ar bakwai, maiɗakinka Zulaihatu ta aiko mini da saƙon Inna, mahaifiyarka. Tana so ta gan ka a talabijin kamar yadda ka nuna wa wasu nasu. Na zazzage kaset-kaset ɗinka kaf. Rabin mutanen Yauri suna ciki, suna ci suna rawa, amma ban da kai. Muryarka kawai nake ji daga bayan kyamara, kana cewa a matso, kana cewa ango ya ɗago kai. Ni ma da na duba nawa, hotonka ɗaya tak na samu, wanda na ɗauke ka ba ka sani ba a bakin ruwa, cikin rigarka mai ratsi.

Haka na zauna a kujerarka ina lalube. Na samu hoton ya motsa. Faifan farko ya fito fari da baƙi, na tuna mitarka na sauya saiti. Na biyu ya yanke maka kai, na janye ka daga gefe. Amma ratsin rigar nan ya ƙi tsayawa, sai kaɗawa yake yi a ƙirjinka. Na aika wa wani mai tacewa a Kwantagora saƙo, ya ce sai ya gani da idonsa. Sau da yawa na waiwaya in ce ka zo ka duba mini, sannan in tuna a kujerarka nake zaune.

Da kunya na kai faifan ƙauye, don na san da kana nan ba zai fita ƙofar shago ba. Aka aro talabijin da janareto a maƙwabta. Inna ta matso har ta kusa taɓa gilashin. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa ta ara mini shi in kai Kwantagora a gyara rigar. Ba ta ko dube ni ba.

"Kak ka kai shi ko'ina, Isa," ta ce. "Bar min shi hakanan. Ba ka ga ƙirjinai na motsi ba? Shina lumfashi."

Na baro mata shi. Ka yi haƙuri, abokina. Faifai ɗaya ne ya taɓa fita daga shagonmu da aibi, naka ne, kuma ko na koyi gyaran ba zan taɓa shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Zulaihatu da yaranta, da dukkan dangi na Wara da Yelwa. Allah Ya jiƙanka, Mainasara, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna haƙurin da Shi kaɗai ke iya bayarwa, Ya raya abin da ka bari. Ni kuma Ya ba ni juriyar buɗe shagon nan kowace safiya ni kaɗai. Amin.

Isa mai hoto, Yelwa